Ƙafar Baba a Bakin Fangali

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Baba ya rasu da safe a gidansa na Argungu, ana tsakiyar ban-ruwan albasa, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni 'yarsa ce, kuma ina so in rubuta abin da na sani game da shi tun abin yana da zafi a raina, don na san halin mutane, da an yi sadakar arba'in sai hira ta koma kan rabon gona.

Muna zaune a ɗakin Inna muna karɓar gaisuwa, ni da ita da Gwaggo ƙanwar Baba. Dangi sun zo, maƙwabta sun zo, waɗannan duk na san su. Sai ga wasu mata suna ta shigowa, kusan kowacce da yaro. Wata ta goyo yarinyar da ta isa shiga makaranta, ƙafafun yarinyar na reto har kusan gwiwar uwar. Wata tana janye da yaron da ya toshe kunnuwansa da tafin hannu. Wata kuma tun daga unguwar Gesse ta Birnin Kebbi aka kawo ta a mota, da mayafinta mai tsada, ta zube gaban Inna tana kuka har da majina.

"Mu anka yi ma mutuwa, Inna," in ji mai goyon. "Wallahi mu munka rasa uba."

Inna ta shiga ba ta haƙuri. Ni da ya kamata a rarrasa, sai ga ni ina miƙa wa baƙuwa kofin ruwa, ina ce mata sai haƙuri. Abin da ke raina ba baƙin ciki kaɗai ba ne. Kishi ne, gara in kira shi da sunansa. Ubana ne aka binne, amma kowace mace a ɗakin nan tana da labarinsa mai daɗi wanda ya fi nawa. Wannan ta ce ya goya 'yarta har bakin gulbi. Waccan ta ce ya yi wa ɗanta waƙa. Waƙa! Na dubi Inna in ga ko za ta ce sun yi ɓatan gida ne, sai na ga tana gyaɗa kai.

Baban da ni na sani ba ya waƙa. Dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana, wanda in ya yi gyaran murya a zaure kowa yake neman abin yi. A ƙuruciyarsa ya yi su da homa da ƙatuwar gorar nan da masunta ke hawa a kan ruwa, da girma ya zo ya jingine gorar a bayan rumbu, ya kama noman shinkafa da damina, albasa da rani. Ina yarinya ni ke kai masa abinci fadama. Ina isa bakin gona zai ɗaga hannu tun daga nesa: "Aje nan, ki koma." Rana guda na ga ruwa yana gudu a hanyarsa, yana shiga fangali, wato 'yan ƙananan filayen nan da ake kewayewa da kunya a dasa albasa a ciki. Abin ya ba ni sha'awa, na tuɓe takalmi na tsoma ƙafa. Tsawar da ya daka mini har yau in na tuna ta sai na ji a bayan wuyana. Ban sake taka gonarsa ba sai da na zama uwa.

Aure ya kai ni Birnin Kebbi. Muna haya a Gwadangaji, maigidana yana aikin ofis, ni ina ɗinki a gida. A nan na haifi ɗana na fari. Kyakkyawan yaro, mai ƙoshin lafiya, sai dai sa'o'insa suka fara cewa Inna da Baba, shi shiru. In ka kira shi ba ya waiwayowa. In ka kama hannunsa sai ya fizge kamar ka ɗora masa garwashi. Ƙarar keke mai ƙafa uku a bakin titi, ko janaretan maƙwabta, ko ma keken ɗinkina, sai ya sa ihu yana buga kansa da bango. Na koma ɗinki sai yana barci. Na daina zuwa biki. In baƙi suka zo sai in shige da shi uwar ɗaka, ina ji suna tambayar juna a hankali.

Mun kai shi wurin wata likitar yara, mace mai kirki, Allah ya saka mata. Ta kira abin da wani suna na Turanci, ta ce ba ciwon da ake sha wa magani ya tafi ba ne, haka Allah ya yi shi. Ta ce a riƙa fita da shi waje, ya taɓa ƙasa, ya taɓa ruwa, ya ga ganye da tsuntsaye, kada a kulle shi. Na ji, na kuma yi. Tsakar gidanmu siminti ne, don haka na sa aka kawo mini yashi na zuba a baho, na ajiye bokitin ruwa a gefe. Na durƙusa gabansa ina cewa, dube ni, taɓa nan, ce Inna. Ya kifar da bahon ya koma bayan ƙofa. Na share na sake zubawa, ya sake kifarwa, haka muka yi ta yi har yashin ya ƙare a magudanar gida. Ina faɗin wannan ne don a san ba kwance nake ba lokacin da Baba ya zo ya ɗauke abin a sama.

Bikin sunan jaririn yayana ne ya kai mu Argungu. Gida ya cika, ana daka, ana guɗa, yaron ya kama ihu tun daga zaure. Ina riƙe da shi yana cizon hannuna, sai na ji Gwaggo tana ce wa wata tsohuwa, ba ta ma rage murya sosai ba: "Wanga ai ɗan ruwa na. Can da, bakin gulbi aka kai irinsu, a aje, masu shi su ɗauki abinsu."

Baba yana zaune a gindin rumbu yana gyaran igiya, ya ji. Ya miƙe, ya zagaya bayan rumbu ya jawo tsohuwar gorarsa ta su, ya kakkaɓe ta, ya kama hanyar waje yana jan ta da igiya, tana gungurawa a ƙasa tana ƙara gurum-gurum. Yaron ya yi tsit. Ya zame daga hannuna, ya bi gorar, ya kama jelar igiyar da ke ja a ƙasa. Haka suka fita, tsoho a gaba, gora a tsakiya, ɗana a baya.

Na ga sun nufi gulbi. Maganar Gwaggo tana kunnena, kuma ban san abin da ke cikin zuciyar Baba ba, don ban taɓa sani ba. Na bi su ko mayafi ban gyara ba. Sai na ga sun karkata zuwa fadama. Baba ya zauna a kan kunya, ya zura ƙafafunsa cikin laka, ya mai da idonsa can wajen garken shanu, kamar bai san da yaro a wurin ba. Ɗana ya tsaya ya tsaya, sannan ya zauna daga gefensa, ya tsoma yatsa ɗaya a laka, ya ciro ya duba. Daga nan sai hannun duka. Na matso zan cire masa rigar suna kada ta lalace, Baba ya ɗaga mini hannu, irin ɗagawar nan ta da.

"Tsaya nan," ya ce. "Bari shi gama."

Na tsaya a bakin gona, daidai inda nake ajiye kwanon abinci ina yarinya, ina kallon ɗana yana birgima a inda aka hana ni tsoma ƙafa.

Daga ranar Baba ya ce a riƙa kawo masa abokinsa. Haka yake kiransa, Aboki. Muka koma bin hanyar Argungu duk ƙarshen mako, daga baya har nakan bar shi ya yi kwanaki wurin Inna, don a can yana cin abinci, yana barci, ba ya buga kai. Likitar da ta ga canjin ta ce mu ci gaba, kada mu fasa. Na yi murna, Allah ya sani. Amma duk ranar da na je ɗauko shi, sai ya ɓuya bayan rigar Baba mai laka, ni kuwa in dawo gida da ciwon kai.

Maganar ƙafa kuwa, Baba da bakinsa ya ce bai shirya ta ba. Yana ban-ruwa, ya fasa bakin wani fangali, sai ya ga bai gama gyara cikinsa ba, fartanya kuma ta yi nisa, sai ya sa tafin ƙafarsa ya toshe wurin. Ruwa ya taru a bayan ƙafar yana neman hanya. Aboki, da ba abin da yake so kamar ya ga ruwa ya kwararo, ya durƙusa yana tura ƙafar. Baba ya ɗage, ruwa ya shige, yaron ya yi dariya. Sai abin ya zama wasansu. Baba ya toshe, ya kau da kai, ya yi ta jira. Da farko turawa yake yi, Baba ya ɗage. Daga baya Baba ya ƙi ɗagewa sai ya ji wani sauti, kowane iri. Kuma duk sa'ad da zai ɗage sai ya faɗi kalma ɗaya, a hankali, kamar da kansa yake magana. Ana nan, wata safiya da ruwa ya taru har ya kusa tsallake kunya, ɗana ya buɗe baki ya ce, "Buɗe."

Ba na wurin. Ina Gwadangaji ina ɗinkin ankon wata amarya. Matar yayana ce ta kira ni a waya tana guɗa, ta ce yaro ya yi magana, kowa a fadama ya ji. Kowa a fadama! Masu dashe sun ji, mai injin ban-ruwa ya ji, wata mai tallan fura ma ta ji. Ni da na yi naƙudarsa, na yi shekaru ina durƙuso gabansa ina roƙon kalma ɗaya, a waya aka ba ni labari. Na yi sujada na gode wa Allah, na tashi na yi kuka mai isata, kuma ba zan ce duk na farin ciki ne ba.

Bayan "buɗe" sai "Kaka". Sai "ruwa", sai "gora". Na yi ta jira in ji "Inna" ta biyo baya, ba ta zo ba.

Wannan ne ya kawo faɗana da Baba, faɗa ɗaya tak da na taɓa yi da shi. Na ishe shi a zaure yana wanke ƙafa, na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce abin da ban taɓa zaton zan iya ba.

"Baba, ni fa na haife shi."

"Wa yac ce ba ke ba?"

"To ka koya mishi sunana mana. Ka koya mishi gora, ka koya mishi ruwa."

"Ni ban koya mishi komi ba. Jira nike yi. Ke kuwa kullum kina gabanshi kina tambaya. Ki koma gehenshi, ki yi shiru."

Shirun nan da ya ce in yi ne ya ƙona mini rai. Na ce, "Ni da nat tsoma ƙafa cikin ruwanka ina yarinya, tsawa ka yi min. Ba ka jira ni ba ko sau ɗaya."

Ya daɗe yana cuɗa dugadugansa da dutse. Na ɗauka zai kore ni. Can ya ce, "Lokacinki ina neman abin da za ku ci. Kuma ke lahiyarki lau, ba ki buƙata ta."

"Wa yac ce maka?"

Ya zuba sauran ruwan butar a ƙasa ya shige gida. Da zan koma Birnin Kebbi washegari, na ishe ƙullin albasa a cikin jakata, ƙanana, wasu a karkace, irin waɗanda ba mai saye a kasuwa. Inna ta ce na fangalin Aboki ne, na farko da aka cire, Baba ya hana kowa taɓawa ya ce nawa ne. Iyakar ban-haƙurin da na samu ke nan. Na yi miya da su, kuma na ci ina jin haushinsa.

Labari ya bazu, mata suka fara kawo nasu. Baba ya yanke wani lungu na gonar ya yi wa kowane yaro fangalinsa, yayana yana ta ƙorafin an rage masa wurin dashe, Baba ko a jikinsa. Bai san sunan ciwon ko ɗaya daga cikinsu ba, kallon yaro kawai yake yi ya ga abin da yake so. Wanda ba ya rabuwa da ihu, da shinkafa ta fara nuna sai ya ba shi korar tsuntsaye, ya yi ta ihunsa har muryarsa ta dishe, ana yi masa sannu da aiki. Mai son jera abubuwa ya ba shi dashen albasa. Yarinyar nan mai sandararrun ƙafafu kuwa, kifa ta yake yi a kan gora a inda ruwa bai kai gwiwa ba, yana riƙe da igiya, tana harba ƙafa. Uwarta ta ce a kan gorar ta fara ganin ƙafafun sun lanƙwashe. Ba kullum ake dacewa ba. Akwai wanda ya watsa masa laka a ido, akwai wanda uwarsa ta ɗauke don ya kwaso mura, ta tafi tana zagi. Baba yakan ce, "Wanga bai shirya ba," ya ci gaba da aikinsa. Gwaggo ma da ta yi maganar ɗan ruwa, ita ta koma dafa musu wake.

Ni dai ina bakin gona. Ban taɓa shiga ba, shi kuma bai taɓa cewa in shigo ba. Taurin kai a wurinsa na gada, ba wurin Inna ba.

Ciwon bai daɗe ba. Zazzaɓi ne da tari, sai aka wayi gari babu shi. Ɗana yana gidan. Ya ga an fita da Kaka a kan makara, bai yi kuka ba, bai yi ihu ba. Ya je bayan rumbu ya jawo gorar, ya tsaya a zaure riƙe da igiya yana fuskantar hanyar fadama. Masu gaisuwa suna ratsa shi suna wucewa. Aka yi sadakar uku yana nan, in aka shigar da shi ya koma. Abinci sai an yi da gaske. Kalmomin nan nasa 'yan kaɗan kuwa, ko ɗaya ba a sake ji ba. A nan kishi ya ja gefe tsoro ya shigo. Na ce a raina, shi ke nan, Baba ya tafi da bakin ɗana cikin kabari.

Gwaggo ta ce a ɓoye gorar, zai manta. Inna ta ce a'a. Ta dube ni ta ce, "Albasarshi na can tana bushewa. Ke ad da shi, ki tashi."

Da hantsi na ɗaura zane, na fita zaure. Na buɗe baki zan ce masa zo mu tafi, sai na haɗiye. Na kama igiyar daga tsakiya na fara tafiya, gora tana gurum-gurum a bayana. Ban waiwaya ba. Sai da muka wuce masallaci na ji igiyar ta yi nauyi, na san yana riƙe da jelarta.

Yayana yana can, ya ta da inji, ruwa yana gudu. Ya nuna mini fangalin Aboki da baki, ya ja baya. Ganyen albasar duk ya langaɓe. Na tsaya a bakin gona, wurin tsayuwata, na ji kamar za a daka mini tsawa. Sannan na tuɓe takalmi na shiga. Lakar sanyi ƙarara, ta ratsa tsakanin yatsuna. Na fasa bakin fangalin da hannu, na sa ƙafa na toshe, na zauna a kan kunya kamar yadda na sha ganin Baba yana yi. Ƙafata ba ta kai tasa faɗi ba, ruwa yana ta tsiyaya ta gefe, sai da na ƙara da laka.

Ya zo ya durƙusa daga gefena. Na mai da idona wajen shanu. Wallahi ban taɓa yin aiki mai wuya kamar shirun nan ba. Bakina cike yake da dube ni, ce wani abu, ni ce Inna. Ruwa ya taru ya haura idon sawuna, ƙafar ta fara mutuwa don sanyi. Yayana ya yi gyaran murya, don ana ɓata masa mai. Na ƙi kallonsa. Na ji yatsun ɗana a kan ƙafata, yana turawa. Shi da kansa ya taɓa ni. Na kusa ɗagewa don wannan kaɗai, amma na danne, na ƙara kafe ƙafar.

Ruwa ya fara tsallake kunya. Sai na ji muryarsa, a dishe, yana kallon ƙafata ba fuskata ba.

"Kaka, buɗe."

Na ɗage. Ruwa ya kwarara cikin albasa, ya yi dariyar nan tasa, ni kuwa na kasa ganin komai. Ga shi dai ɗana ya yi mini magana karo na farko a duniya, kuma da sunanka ya kira ni, Baba. Ko wannan ma ba ka bar mini ba.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya zukatan matan nan da suka fi ni kuka. Ya yafe maka tsawar da ka yi mini, ni dai ban gama ba tukuna. Muna nan muna zuwa fadama, ni da abokinka da gora. Har yau Kaka yake ce mini, kuma ina amsawa.